Motar da Ba Ta San "Anjima" Ba

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya sayar mini da mota mai batir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata, ina neman afuwa da na fito da maganarmu fili. Na bi ta ƙofa ban samu shiga ba, shi ya sa. Ba zan kama sunan kamfaninku ba, kun san kanku, kuma duk mai irin motar nan daga Daura har Katsina zai gane da wa nake.

Ni malamar firamare ce a nan Daura, na kusa ajiye aiki. Maigidana, wanda duk unguwa ke kira Malam, yana fama da ciwon ƙoda, kuma duk Litinin da Alhamis sai na kai shi Katsina an yi masa wankin ƙoda. Wanda bai sani ba ya sani, idan ranar wanki ta kuɓuce ruwa ne ke taruwa a jikin mutum, ƙafafu su kumbura, numfashi ya riƙa gagararsa. Saboda wannan zirga-zirgar na sayar da shanun da na gada wajen mahaifina na sayi motarku, tun da fetur ya fi ƙarfinmu, rana kuwa ga ta nan kyauta a kan rufin gida muna cajin mota da ita. Ban saye ta don a ce Malama ta yi mota ba. Watannin farko, tsakani da Allah, ba ni da abin faɗa sai godiya. Ba ƙara, ba hayaƙi, Malam har barci yake yi a kujerar baya.

To ga koke-kokena. Na farko, shiga ba sallama. Wata safiya, ana tsakiyar damina, na tarar madannin share gilashi ya ɓace daga inda na san shi a allon gaban direba. Sai da na tsaya gefen titi ruwa na zuba ina lalube kamar mai neman allura, kafin na gano an kai shi can wani lungu. Ba a daɗe ba kuma ɗan kukan da motar ke yi idan tana tafiya a hankali ya koma wani siririn kiɗa mai daɗi. Ranka ya daɗe, awakin hanyarmu ko tirela sai sun ga dama suke matsa mata, balle kiɗa. Da na tambayi dillalinku na Kano, sai ya ce wai sabunta manhaja ake yi, kamfani ne ke aiko gyara ta iska, motar ta karɓa da kanta. To ni a gidana ko 'yar da na haifa ba ta shiga ɗakina ta sauya wa kwano wuri ba ta faɗa mini ba. Duk da haka na haɗiye, na ce ai zamani ne.

Na biyu, kuma nan gizo yake, wata kalma ce guda. Cikin gyare-gyarenku akwai wanda ya sa allon ya fara magana da Hausa. Wallahi na ji daɗi, har maƙwabta na kira su gani. Daga nan duk lokacin da kuke son taɓa motar sai rubutu ya fito yana tambaya ko a sabunta, a ƙarƙashinsa madannai biyu, ɗaya an rubuta "Yanzu", ɗaya "Anjima". Babu na uku. Na duba sama na duba ƙasa, ban ga "A'a" ba.

Ban damu ba, domin ni Bahaushiya ce, na san abin da anjima take nufi. Idan ka shiga gidan mutane suna cin abinci suka ce bismillah, ka ce anjima, ba wanda zai ajiye maka kwano yana duba agogo. Idan mai talla ta tsaya ƙofar gida ka ce mata sai anjima, ta san ciniki ya mutu, ta yi gaba ba tare da kowa ya ji kunya ba. Jikana ya dame ni da maganar alewa, in ce anjima, shi da kansa ya san an gama magana. Mu ba a koya mana mu dubi idon mutum mu ce a'a gatsau ba, kara muke yi. Saboda haka duk ranar da rubutun ya fito sai in danna "Anjima" cikin ladabi, raina kwance, ina ganin mun fahimci juna ni da motar. Ashe ita lissafi take yi mini. Ashe a wajenku idan mutum ya danna ta 'yan lokuta, ya sa hannu ke nan a yi masa aikin ko yana so ko ba ya so, a duk inda aka fara kashe motar. Wanda ya fassara muku kalmar ya iya Hausa, ban musa ba, amma bai gaya muku yadda masu ita suke amfani da ita ba.

Na uku, ranar Alhamis ɗin da ta sa na ɗauki biro. Mun fito da sassafe yadda muka saba. Muna cikin yankin Dutsi amai ya taso wa Malam, abin da yakan faru idan ruwa ya yi masa yawa. Na gangara ƙarƙashin wata tsamiya, na kashe mota, na kama shi ya sauka, na ba shi ruwa ya kuskure baki, na mayar da shi ya zauna. Ina danna mota ta tashi, sai wani zobe ya fito a allo yana ta juyawa, an rubuta ana sabuntawa, kada a tuƙa. Na danna duk abin da ke dannuwa, na taka birki, na fita na rufe na sake buɗewa. Ko gezau. Iskar sanyin cikin motar ma ta ɗauke, ga rana tana ɗagowa, ga sabis a wurin yana zuwa yana ɗaukewa, zoben ya yi ɗan gaba ya cije.

Na tsaya bakin titi da mayafina ina ɗaga wa motoci hannu. Bas-bas ɗin da ke wucewa maƙil suke, mutum a kan mutum, Malam kuwa ba ya iya matsi, balle hawan babur. Wasu bayin Allah da ke aiki a gona kusa suka zo suka ce a tura. Na ce musu wannan ba irin wadda ake turawa ba ce. Suka zagaya ta, suka leƙa ƙarƙashinta, suka yi mana sannu suka koma bakin aikinsu. A ƙarshe ƙanin Malam na samu a waya, ya je tasha ya ɗauko shatar mota daga Daura. Muna jiransa ina ta safa da marwa ina faɗa ni kaɗai, sai Malam ya leƙo ta taga, numfashinsa sama-sama, amma da yake shi ba ya rasa tsokana, ya ce, "Malama, ai ke kika yi ta ce mata anjima. To anjimar ce ta zo."

Ban yi dariya ba. Kafin mu isa Katsina an ba wani majinyaci gurbinmu, kuma ban ga laifin ma'aikatan asibiti ba, na'urorin kaɗan ne, masu jira da yawa, kowa da ransa a hannu. Da ƙyar da roƙo aka sama mana wuri ranar Asabar. Tsakanin nan Malam a zaune ya yini a zaune ya kwana, don in ya miƙe sai ya ji kamar an danne masa ƙirji. Takalminsa ya ƙi shiga ƙafarsa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun da aka ɗaura mana aure, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Motar fa? Da la'asar ƙanin Malam ya koma ya same ta a gindin tsamiya ta gama sha'aninta, ko a jikinta, har da rubutun barka da zuwa. Na zauna na duba abin da aka ƙara mata. Allon ya sauya launi daga shuɗi zuwa kore, kuma yanzu in an buɗe ƙofa kukan tsuntsaye take yi. Dillalinku ya ce akwai kuma wani gyaran batir a ciki da ido ba ya gani. Na yarda akwai. Amma batirin da ya kai mu Katsina ranar Litinin lafiya lau, me zai hana shi haƙuri zuwa Juma'a?

Na huɗu, halin da kuka jefa mu. Ba ni kaɗai ba ce. Mu 'yan tsirarun masu motar a nan, kowa ya koma ɓoye ta daga gare ku, ku da kuka ƙera ta. Wani Alhaji mai fataucin dabbobi ya kifa wa eriyar tasa gwangwanin madara ya ɗaure da roba. Wani ba ya yarda ya cika caji, don ya ji an ce sai batir ya cika take karɓar saƙonku, ga shi nan kullum yana tafiya da fargabar tsayawa a daji. Ni kuwa wajen mai rewaya, mai gyaran wutar mota, na kai ta ya zare layin wayar da ke cikinta, na ƙulle shi a bakin zane na jefa a akwati. Tun ranar ba ta sake yi mini gardama ba. Sai ga saƙonku a wayata, wai kun daina jin ɗuriyar motar, idan ban mayar da layin ba garanti ya faɗi. Haba, ranka ya daɗe. Na san a cikin abin da kuke aikowa wata rana za a samu na birki ko na wuta da rai ya rataya a kansa, kuma ba na son ya wuce ni. Ku kuka sa na zaɓi tsakanin wannan da ranar wankin Malam.

Na kira lambar da kuka ce a kira in an sami matsala. Wata yarinya mai ladabi ta ɗauka, ta saurare ni har ƙarshe, ta yi wa Malam addu'a, sannan ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, za mu kira ki anjima." An yi girbi, an kai gero rumbu, har yau wayata ba ta yi ƙara ba. Ban riƙe ta a rai ba, 'yar Hausa ce, na fahimce ta sarai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ashe a ofishinku an san irin tamu anjimar, motar ce kawai ba a koya wa ba.

Ga abin da nake roƙo. Ku sa madanni na uku a rubuta masa "A'a" ɓaro-ɓaro, za mu daure mu danna, tun da ƙarfe ne ba suruki ba. Idan gyaran na dole ne, ku faɗa da Hausar da kowa zai gane cewa na dole ne da dalilinsa, ku bar ni in zaɓi rana, in ajiye motar a ƙofar gidana in ba ku ita yini guda. Kada mota ta sake ƙame wa mutum a hanya don kawai ya kashe ta ya taimaki mara lafiya. Sannan ku janye maganar garantin nan. Ranar da kuka aiko mini a rubuce cewa an yi haka, da hannuna zan kwance bakin zanen in mayar da layin.

Ban nemi ku biya ni komai ba. Ranar Litinin mai zuwa in Allah ya kai mu za mu sake kama hanya, da Alhamis ɗin bayanta, har iyakar abin da Allah ya ɗiba wa Malam. A duk gidanmu abu biyu ne ba sa jin anjima, ƙodarsa da motarku. Ta farkon mun bar wa Allah da likitoci. Ta biyun tana hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya sa albarka a kasuwancinka, ya kiyaye ka da tsayuwa a bakin titi da mara lafiya a mota. Ina sauraron amsarka, amma don Allah kada ka ce mini anjima.

Wassalam.

Taku,
Malamar firamare, matar majinyaci,
Daura.