Injiniya Tahir Ba Ɓarawo Ba Ne

Cikin alhini da zafin rai, Ƙungiyar Masu Kula da Na'urorin Hanya ta Arewacin Kano ke sanar da jama'a rasuwar jigonta, Injiniya Tahir Sabo Zakirai, wanda aka kashe da gorori da duwatsu ranar Alhamis da hantsi a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ne ya kakkafa turaku goma sha huɗu a gefen titin da ya ratsa ƙauyukan yankin, kowanne ɗauke da na'urar da ke magana da motoci ba tare da waya ba. Da zarar shanu, amalanke ko masu ɗaukar dami sun hau kwalta, sai ta aika wa direba gargaɗi tun yana nesa. Direbobin bas sun shaida cewa kwanar da ta saba cin rayuka duk kaka, yanzu ta yi shekara biyu ba a zubar da jini a kanta ba.

Da ɓarayi suka fara kwance farantan solar da ke kan turakun, shi da kansa ya roƙi dattawan ƙauyukan su sa ido, ya ce duk wanda aka gani a kan turke babu rigar aiki a tare shi. Ranar Alhamis, yana hanyar zuwa suna cikin babbar riga, ya lura na'ura ɗaya ta mutu, ga shi ranar kasuwa. Ya tsaya, ya hau. Aka yi ihun ɓarawo, aka janyo shi ƙasa, aka fasa masa kai, aka karya hannun da ya ɗaga yana faɗin sunansa. Cewa ya yi a tare, bai ce a kashe ba, kuma ba za mu yi shiru ba sai hukuma ta gurfanar da masu wannan ta'asa.

Muna miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa, Hajiya Aina'u, da maiɗakinsa, Malama Safara'u, da 'ya'yansa uku. Allah Ya jiƙansa, Ya ba su juriya.

Ga masu yaɗa hoton gawarsa da sunan ɓarawo: an same shi da sukuddireba da sabon batir a aljihu. Ya riga ya gyara na'urar kafin a janyo shi, kuma har yau tana gargaɗin direbobi su rage gudu saboda mutanen ƙauyen.

Sa hannu:
Alhaji Yahya Jamil Bacirawa
Kakakin Ƙungiya