Matan da Ba a Ba Waya Ba

Karmo, Abuja
4 ga Maris

Manniru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da digirin da ya hana ka ɗaga wayata.

Da na ba ka ajina na Faransanci, cewa ka yi za ka gwada ko manhajar waya na iya koya wa mutum yare. Ba ka ce za ka zuba sunayen mata arba'in a kwano ka ja ƙuri'a ba. Ashirin sun samu waya. Ashirin an ce su zauna wata huɗu babu darasi, ni kuma in kame bakina.

Hafiza na cikin masu zaman. Wata 'yar Kwaddibuwa a Maitama tana neman mai girki da ke jin Faransanci, za ta gwada ta ƙarshen Afrilu. Hafiza 'ya'ya uku gare ta, miji ya rasu. Ka fitar min da ita.

Yayarka,
Muhibba

Zariya
15 ga Maris

Yaya Muhibba,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da fatan kowa lafiya.

Ba zai yiwu ba. Sai an kwatanta masu waya da marasa waya kafin a san ko manhajar tana aiki. In na cire mutum ɗaya, za a ce na yi son rai. Shekarata biyar a kan abin nan, Yaya, wallahi na gaji. Ki yi haƙuri zuwa Yuli, kowa zai samu.

Ƙaninki,
Manniru

Karmo
20 ga Yuli

Manniru,

Sallama. Na ga saƙonka kana mamakin yadda marasa waya suka fi masu waya cin jarrabawa. Daina wahalar da kwamfutarka. Ni ce.

Da Hafiza kaɗai na fara, ranar Lahadi a tsakar gidana, muna koyon sunan albasa da tattasai. Mako na biyu ta jawo wata mai suna Kindness, ta ce, "Malama, ita ma fa ba a ba ta ba." In kore ta? Kafin wata ya ƙare su goma sha bakwai ne a tabarma.

Na karanta takardar da ka sa suka dangwala wa yatsa. Shafi shida na Turancin jami'a! Babu wadda ta san ta amince da zaman banza.

Hafiza ta samu aikin. Ban yi nadama ba. Amma na san abin da na rusa maka, kuma ni na goya ka.

Allah ya sa mu dace.
Muhibba

Zariya
2 ga Agusta

Yaya,

Sallama. Na faɗa wa malamin da ke duba aikina gaskiya. Ya ce in sake daga farko. Ƙarin shekara guda ke nan.

Ki aiko min da abin da kika koya musu, mako bayan mako. Kada ki haɗa da wasiƙa.

Manniru