Saura Mutum Huɗu a Addu'ar Babana

Gwaggo Burho, ki taimake ni da shawara kafin kwana goma sha tara su cika, don na juya maganar nan ta kowace fuska ban ga hanya ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji bakwai na ajiye biro na ɗauki almakashi.

Wata goma ke nan da muka baro garinmu Samarkand muka sauka a Afula, nan ƙasar Yahudawa, ni da matata Nelya da mahaifiyata. Babana bai zo ba. Takardunsa sun fito, amma ya rasu saura wata biyu mu tashi, can muka bar shi kusa da iyayensa. Yanzu shekara za ta zagayo, dole a yi masa zaman tunawa a gida, a shimfiɗa abinci, a karanta addu'ar mamaci. Kin san a addininmu na Yahudawa ba a karanta ta sai maza goma sun hallara. Shida gare ni, har da ni kaina da wani tsoho da sai an je an ɗauko shi.

Mun riga mun sha kunya sau ɗaya. Da muka samu gida, Mama ta ce a yi masa zaman tunawa na wata-wata. Na faɗa wa mutum ɗaya a majami'a, wurin ibadarmu, na dawo abina, don a unguwarmu ta Samarkand haka ake yi: ka faɗa wa ɗaya, kafin rana ta faɗi kowa ya ji. Gayyatar mutum zaman mamaci ma kamar zaginsa ne, wai bai san abin da ya kamace shi ba. Mama ta dafa shinkafa da karas da naman rago na mutum arba'in. Mutum uku suka zo. Muka zauna muna sauraron takun masu hawa bene, kowane ya wuce ƙofarmu. Ba a yi addu'a ba. Kwana shida muna cin shinkafar nan, ba mai kallon idon wani.

Sai maganar gurasa. Na gina wa Mama ƙaramin tanderu a bayan ginin, don na ga zaman ɗaki yana cinye ta. Ranar da ta fara gashi, ta naɗe guda biyu masu zafi a ƙyalle, muka hau wurin maƙwabcinmu na sama, Elbaz, dattijo ɗan asalin Maroko wanda ke jan addu'a a majami'ar layinmu. Ya karɓe mu da fara'a, amma bai miƙo hannu ba. Ya tambaya ko an cire rabon ƙullun da addini ya ce a ƙona, da inda aka sayo garin alkamar, da ko an taɓa gasa nama a tanderun. Ni kuma, da ɗokin Ibranancin da na fara tsinta a shagon aski, na fassara mata kalma da kalma. Da na sani da na ce cikinsa ne ba lafiya.

Mama ta naɗe gurasarta muka sauko. Ta ce, "Shekara talatin ina gasa gurasar Idin Ƙetarewa da labule a sauke don kar hukuma ta gani a kori ubanka daga aiki. Can sunana Bayahudiya, na zo nan kuma ana tambayata shaida." Tun ranar ba ta sake hura tanderun ba, kuma ta rantse ƙafar mutumin nan ba za ta taka ɗakinta ba.

To, Gwaggo, Elbaz yana da 'ya'ya maza uku manya. Shi da su, huɗu. Ki haɗa da shidana.

Nelya ta ce in je majami'a kawai in yi addu'ar a can, kullum akwai goma, a huta. Mama ta ce mijinta ba maraya ba ne da za a tuna da shi a tsaye tsakanin baƙi masu duba agogo. Nelya ta ce to ta sauke girman kai. Mama ta ce wadda ta yanke gashinta sati biyu da saukowa daga jirgi ba ita za ta koya mata mutunci ba. Ni ne na yanke mata gashin, saboda haka nawa laifin biyu ne. Yanzu ta bakina suke magana da juna, a gida mai ɗaki biyu.

Abin da ke hana ni tsanar Elbaz shi ne ina da ido. Na ga ko a bikin kaciyar jikan ƙaninsa bai ci komai ba sai lemo da ya ɓare da hannunsa. Na ga lokacin da aka bar mana tukunyar gas a ƙasa, shi ya saɓa ta har hawa na biyu ya ajiye, bai ƙwanƙwasa ba. Na faɗa wa Mama, ta ce jaki ma yana ɗaukar kaya.

Ina da haƙuri, kowa ya shaida. Amma na gaji. In na gayyace shi a ɓoye, tana iya korarsa a gaban mutane. In ban gayyace shi ba, Babana zai cika shekara ba a ambaci sunansa a teburinsa ba. Wanne zan ɗauka?

Mai aski, Afula

*

Ɗana mai aski,

Kada ka gayyaci kowa a bayan idon mahaifiyarka. Wannan ka cire shi daga ranka tun yanzu. Mace da aka raba da gari da kabarin mijinta, abin da ya rage mata iko a kai shi ne ƙofar ɗakinta.

Tana da gaskiya a zafin da ta ji. Elbaz ya yi tambayar da yake yi wa kowa, amma ya yi ta ga wadda ta biya addininta da tsoro na shekara talatin, kuma bai sani ba. Bai sani ba don ba wanda ya faɗa masa. Ka iya kai mata maganarsa, amma ba ka mayar masa da tata ba. Gobe ka hau ka faɗa masa zancen labulen nan, yadda ka rubuto mini, ba ƙari. Kada ka roƙe shi komai tukuna. Ka ga abin da zai yi da shi. Mutumin da ka kwatanta mini, ina zaton zai sauko da kansa. In bai sauko ba, ka san matsayinsa, kuma ba ka yi asarar komai ba.

Sannan ka zauna da Mama, ba Nelya a wurin. Ka ce mata addu'a za a kira shi yi, ba cin abinci ba, kuma addu'ar ta mijinta ce. In ya zo, a ajiye masa 'ya'yan itace da ruwa, kada kowa ya tura masa faranti. Amma in ta ce a'a, a'a ɗin ta zauna.

Shi ya sa ba na so ka rataya ubanka a wuyan mutum ɗaya. Nan ƙasar ba a jin labari a iska. Mutanen da suka wuce ƙofarku ba ƙin ku suka yi ba, ba a kira su ba ne, kuma a wurinsu shiga gidan da ba a kira ka ba shi ne rashin kunya. Kullum kawunan maza suna ƙarƙashin hannunka, ba su da wurin gudu sai ka gama. Ka faɗa wa kowane: rana kaza, ƙarfe kaza, gida kaza, ina neman na goma don mahaifina. Ka rubuta a 'yar takarda ka ba shi. Za ka yi mamakin waɗanda za su amsa, har da marasa hula a ka, waɗanda ibada ba ta dame su ba. Ka nemi goma sha biyar, don wasu za su manta.

Nelya ma ba ta yi kuskure ba. Da safen ranar ka je majami'a ka karanta, don ko me ya faru da yamma, haƙƙin mahaifinka ya sauka daga wuyanka. Kuma ka daina zama masu ɗan aike. Wadda ke da magana ta faɗa da bakinta, kai ka tafi shago.

Kwana goma sha tara sun isa. Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya sanyaya zuciyar Mama, ya sa ranar ka rasa kujerun da za ka ba mutane.

Gwaggo Burho