Jan Soson Bahar Maliya

Litinin, 3 ga Maris 1947, garin Isa

Soson nan da na taho da shi daga Sawakin, bakin Bahar Maliya, an yanke rabinsa. Shekara uku na yi wa masu jirgin ruwa aiki a hanyar hajji, shi ne abin da na ajiye wa kaina. A kan duwatsun murjani yake tsirowa, ja wur, ba ƙafa ba haƙori, amma in aka matsa shi sai jan ruwa ya fito, kifi duk su watse. Ko ya bushe, in ya jiƙa yana cin fata. Ɗanmusa kaɗai na gaya wa haka, amini na tun muna makarantar allo. Shi kaɗai ya san jakar da nake ajiye shi.

Alhamis, 6 ga Maris

Inno, ƙanwar mahaifina, idanunta sun kumbura sun rufe. Jiƙa soson ta yi ta wanke ido, wai abin da ya fito hanyar Makka albarka ne. Ɗanmusa ya ba ta. Ya raba wa wasu a Gatawa.

Asabar, 8 ga Maris

An kai mu gaban alƙali, Ɗanmusa ya dubi ƙasa ya ce, “Alhaji shi ya ba ni, yac ce magani na.” Alƙali ya ci ni tara. Wallahi na ji zafin ƙaryar nan fiye da tarar.

Laraba, 12 ga Maris

Masu ɗaukar karatu wurina goma sha ɗaya, yau biyu suka zo.

Juma'a, 14 ga Maris

Ɗanmusa ya miƙo mini hannu a masallaci, mara kunya. Na gyara rawanina.

Talata, 25 ga Maris

Idon Inno na dama ya buɗe. Na hagu malamin asibiti ya ce sai haƙuri. Ina ba ta kunu ina zagin Ɗanmusa, ta riƙe mini hannu.

“Malami, ran da kan nuna muna shi tsakar gida, nic ce albarka ta. Kai ko kay yi murmushi.”

Na yi. Daɗi na ji ana kallona. Amma ai murmushi ba ƙarya ba ne gaban alƙali.

Gobe za ni Gatawa in bi gida-gida in karɓo sauran soson. Ban san abin da za ni ce musu ba tukuna.