Gilashin Bakin Tsaga

Lahore

Zuwa ga Yaya Rubina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Ammi, yaya yara? Ina fatan ruwan bana bai shigar muku ɗaki a Sialkot ba.

Yaya, tun ranar da na zazzage aljihun mijina Patras zan yi wanki, hankalina bai koma jikina ba. Gutsattsarin gilashi na tarar, da guntun siminti a jikinsu.

Kin san cocinmu. Turawa suka gina wa sojojinsu da jan bulo da farar ƙasa, har yau akwai gurbin jingina bindiga a jikin kujeru. Ranar aurena kin mintsine ni, kika ce ga fadar da nake karantawa a ƙananan littattafan soyayyata, sai in shiga in yi sarauta. Na kuwa yarda. Nakan zauna ƙarƙashin allunan tagulla na matan Turawa da zazzaɓi ya kashe da ƙuruciya, ina ƙaga musu masoya.

Shekarun baya jama'a suka yi gayya, suka shafe hasumiya da siminti don ta yi kyau. Patras ne kan gaba. Ashe tsohon bulo numfashi yake so. Damina ta shiga ta rasa mafita, bango ya tsage daga sama har bayan ɗakinmu da ke manne da cocin. Injiniya ta hana kaɗa ƙararrawa, ta manna siririn gilashi a bakin tsagar, ta ce in ya fashe, bango na tafiya ne, a kwashe kowa a rufe.

Ya fashe, Yaya. Ba sau ɗaya ba. Patras ke cire shi ya manna sabo kafin Padri, limamin cocin, ya zaga.

Da na tare shi bai musa ba. Kakansa daga baranda yake sujada, Turawa ba sa barinsa ya shiga, amma shi ke jan igiyar ƙararrawa, sannan babansa, sannan shi. Ya ce in aka rufe ba za a sake buɗewa ba, ba mai gyarawa, mu Kiristoci kaɗan muka rage. Na kama hannunsa na ɗora a cikina, inda ɗansa ke motsi. Ya yi murmushi ya ce, "Sarauniya, a littattafanki gini na faɗo wa masoya?"

A littattafaina miji kan zaɓi matarsa a shafin ƙarshe. Na jira. Jiya da safe ƙura ta zubo a kan shayina, shi kuma ya tafi shagon mai gilashi.

Na san ba zai yafe mini ba, kuma ina sonsa. Ki gaishe da Ammi, ki shimfiɗa mini a ɗakinta. Gobe bayan sujada zan miƙa wa Padri gutsattsarin, in hau motar Sialkot.

Ƙanwarki,
Nargis