Na Zuba Sirrin Majinyaciyata A Labarin Kyauta, Ashe Ƙanwarta Na Rubuta Wa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gida mai albarka. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, kuma idan da hali ki sa min wannan a yau, domin lokaci ne ba ni da shi. Don Allah ku ba ni shawara, wanda ya ga dama ya zage ni ma na cancanta, amma ya haɗa min da mafita, yau kwana huɗu ke nan ba na iya cin abinci.

Ni nas ce, shekarata ɗaya da 'yan watanni da fara aiki, ina zaune a gidan iyayena a Gyaɗi-Gyaɗi. Ba zan faɗi asibitin da nake ba, kuma duk sunan da za ku gani a nan ba na gaskiya ba ne, har wasu bayanan ma na sauya su, za ku gane dalili in kun karanta. Tun ina makaranta nake son rubuce-rubuce. Akwai wani shiri mai dogon zango da nake bi sosai, ta dalilinsa na shiga wani guruf na masoyansa, mata ne zalla, yawancinmu 'yan Kano. A cikinmu akwai masu ɗaukar mutanen shirin su ƙirƙira musu sabon labari, ko mu ɗora daga inda masu shi suka tsaya, ko mu gyara wurin da bai yi mana daɗi ba. Ni ma ina cikin masu yi, da sunan aro, kuma ba yabon kai ba ana son rubutuna.

Bayan Babbar Sallah admin ɗin guruf ɗin, zan kira ta Anti Mami, ta kawo wani tsari wai musayar kyautar labari. Kowacce za ta tura mata irin labarin da take so a rubuta mata, ita kuma ta rarraba a asirce, ke kin san wadda kike rubuta wa amma ita ba ta san ki ba. In kin gama ki tura wa Anti Mami ta saka a guruf babu suna. Bayan sati biyu sai a haɗu a wani wurin shaƙatawa a Tarauni, a ci a sha, a kira sunaye, kowacce ta ga wadda ta yi mata kyauta ido da ido. Saboda haɗuwar nan ne ta haɗa 'yan unguwanni na kusa da juna. Wannan ban ɗauke shi komai ba a lokacin.

Wadda ta faɗo hannuna sunan aronta Autar Inna. Ban san ta ba, hoton fure ne ma a kan lambarta. Abin da ta nema shi ne a rubuta mata labari a kan yayar jarumar shirin, wata mata da kullum ita ke ɗawainiyar gida amma masu shirin ba su taɓa ba ta muhimmanci ba. Ta ce tana so a sa ta kuka, domin ita ma tana da yaya irin wannan. Na ji daɗin buƙatar, amma wallahi na yi kwana goma ina rubutawa ina gogewa, komai na rubuta sai in ji shi lami babu gishiri, ga lokacin miƙawa yana matsowa.

To a sashen da nake aiki akwai wata baiwar Allah da ke zuwa karɓar maganin ciwon daji duk bayan sati uku, wanda ake sawa ta ƙarin ruwa. Zan kira ta Anti Balaraba. Malamar makaranta ce, aurenta ya mutu ta dawo gida wajen mahaifiyarta. Jininmu ya haɗu tun ranar farko, ƙanwata take ce min, kuma da yake awanni take yi a zaune ruwan yana shiga, in aiki ya lafa sai in ja kujera mu yi ta hira. A nan ta gaya min babu wanda ya san tana da ciwon a gidansu, sai wata ƙawarta guda ɗaya mai shagon ɗinki a Darmanawa. A gida cewa take yi bita ake tura su daga makaranta. Da kanta ta aske gashinta tun kafin ya fara zuba, ta ce musu amosani ne ya dame ta. Farcenta da ya fara baƙi ta rufe shi da jan lalle. Kullum da kanumfari a bakinta saboda tashin zuciya. In an sallame ta ba ta wucewa gida, sai ta kwanta a bayan kantar shagon ƙawar har fuskarta ta ɗan dawo daidai. Wata rana na ce mata, Anti me zai hana ki gaya musu ko don ki samu mai riƙe miki hannu? Sai ta ce mahaifiyarsu tana da hawan jini, kuma 'ya'yanta maza biyu ta rasa rana ɗaya a hatsarin mota. Ta ce, "Inna ta raka biyu, ba zan bari ta fara zaman makokin na uku ina raye ba." Ranar sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

'Yan uwa ga inda na kashe kaina. Da na tashi daga aiki da yammacin ranar, tun a cikin adaidaita na buɗe waya na fara rubutu, kafin magariba na gama labarin da ya gagare ni kwana goma. Na ɗauki yayar jarumar shirin na ɗora mata rayuwar Anti Balaraba gaba ɗaya, bitar, askin, lallen, kanumfarin, shagon ƙawar, 'yan uwa biyu da hatsarin motar, har maganar nan tata na saka yadda ta faɗe ta ban sauya ko harafi ba. Suna kawai na canza. A raina na ce ai Kano da faɗi take, wa zai gane, kuma ai labarin shiri ne. Rantsuwar da na yi ta riƙe sirrin majinyaci ko sau ɗaya ba ta faɗo min a rai ba, ni dai kawai ina murna na samu abin da zai sa ta kukan da ta nema.

Da aka saka labarin guruf ya ɗauka, wannan ta ce ta jiƙa filo, waccan ta ce duk musayar babu kamarsa, ana ta canke-canken wace ce ta rubuta. Ina karantawa ina jin kaina yana fasuwa. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya min, ita wadda na yi wa kyautar ba ta ce uffan ba, alhali na ga ta karanta. Wuni guda shiru. Ranar Juma'a ina ninke kayan wanki Anti Mami ta turo min saƙo ta ce ga abin da Autar Inna ta ce a isar wa marubuciyar. Zan kwafo muku shi:

"Don Allah don Annabi wace ce ke? A ina kika san yayata? Bitar nan duk sati uku, da askin, da lallen, da kanumfari, da yayyenmu biyu, duk na gidanmu ne. Ki gaya min gaskiya, me ke damun yayata? Mutuwa za ta yi?"

Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wayar ta faɗi, Ummana ta leƙo ta ce lafiya, na ce mata jiri ne. Sai a lokacin na tuna Anti Balaraba ta sha ba ni labarin autarsu mai son kallo da karance-karance a waya, kuma a Daurawa suke, tafiyar da ba ta kai komai ba daga gidanmu.

Na kira Anti Mami ina kuka na gaya mata komai, na roƙe ta ta goge labarin kuma ta cire sunana daga taron. Ta goge, amma ta ce an riga an kwafe shi an kai wasu gurufan, ba ta da iko da wannan. Daga nan muka yi sa'insa sosai. Na ce ta gaya wa yarinyar marubuciyar ta fita daga guruf ko 'yar wani gari ce, ta ce ita ba za ta yi ƙarya a kan rai ba, yarinyar tana kiranta safe da yamma tana kuka, har ta ce in ba a faɗa mata ba za ta kai wa kawunsu maganar ya bi diddigi. Na ce ai amana ce tsakanina da ke, ta ce ni ce zan yi mata maganar amana? A ƙarshe ta ce ta ba ni zuwa Asabar, ranar taron, ko in nemi yarinyar da kaina ko ita ta ba ta lambata. Kuma da zarar an ba ta lambar an gama, domin hoton da ke kai da farin kayan aiki nake, na cire shi yanzu amma rabin guruf sun san ni nas ce.

Mutum ɗaya na iya gaya wa a wurin aiki, Sista Grace, ta girme ni a aikin nesa ba kusa ba, iyayenta 'yan kudu ne amma a Tarauni aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Ta kalle ni ta ce, "Ke yarinyar nan kin san abin da kika yi kuwa? Wannan in ya je sama ba dakatarwa ba ce kawai, lasisinki za ki iya rasawa." Ta ce a ganinta in je in samu Matiron, shugabarmu ta nas-nas, da kaina kafin maganar ta zo mata daga waje, amma kafin Matiron, mai sirrin ce ta fi cancanta ta fara ji. Ta yi min alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, sai dai ta ce in aka tambaye ta ba za ta rufa min ba.

Abin da ya ƙarasa karya ni shi ne jiya Litinin da rana Anti Balaraba ta kira ni. Na ga sunanta a waya, sai da ta kusa katsewa na ɗaga. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Ƙanwata, don Allah ko kin ga wani da ya san ni ya zo wajenku yana tambaya?" Na ce me ya faru Anti. Ta ce autarsu ce ta sauya mata, bin ta take da ido duk inda ta yi, ta faɗo mata ɗaki ba sallama tana ɗaura ɗankwali, ta kama hannunta tana duba farcen, kuma ta dage wai wannan karon sai ta raka ta bitar. Innarsu har ta fara tambayar me ke sa Auta kuka a ɓoye. Na ce, "A'a Anti, ban ga kowa ba." Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Na sani, ke dai ba ta bakinki za a ji ba." Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Tun daga nan a firgice nake. Duk yarinyar da ta tsaya a ƙofar sashenmu da hijabi sai in ce autar ce. Aka ce Matiron na kirana ɗazu da safe, na ɗauka maganar ce ta iso mata, ashe jadawalin aiki ne. Ina tsoron aikina, ina tsoron ranar da Babanmu zai ji, mutumin da duk wanda ya yi ciwon kai a layinmu sai ya ce a bari 'yata ta dawo ta duba shi. Amma wanda ya fi duka, ina tsoron labarin nan ya zagaya ya faɗa kunnen tsohuwar nan ta bakin wata maƙwabciya, jininta ya hau, wani abu ya same ta, ya zama ni ce sila. Wani lokacin zuciyata takan ce min ai gara ma da suka sani, matar nan ta daina ɗaukar wannan kaya ita kaɗai, sai kuma in gane neman wanke kaina nake yi, domin ba ni ce ke da ikon yanke mata wannan hukuncin ba.

Na yi tunanin in rantse wa yarinyar cewa dacewa ce kawai, amma yaya abu biyar za su dace, kuma in ƙara rantsuwar ƙarya a kan laifina? Na yi tunanin in gaya mata gaskiya, to na sake tona sirrin karo na biyu ke nan, wannan karon da gangan. Na yi tunanin in canza layi in fita daga guruf, amma Anti Mami ta san unguwarmu.

Yau Talata. Jibi Alhamis Anti Balaraba za ta zo karɓar magani, wataƙila ma da autar a bayanta, kuma jijiyarta ta yi wuyar samu yanzu, ba ta yarda kowa ya sa mata allurar sai ni. Iyayena mata da ke gidan nan, da ma'aikatan lafiya in akwai, don Allah ku gaya min, in kira Anti Balaraba tun yau in faɗa mata ko in bari sai mun haɗu? In fara da Matiron ko da ita? Kuma in na durƙusa a gabanta na riƙe hannun nan ina neman jijiya, da wace kalma zan fara?