Hoto Ya Fito Garau

Daren Laraba, Zongo

Raina a ɓace yake. Furosesocin, wato ƙwaƙwalen babbar kwamfutar shagonmu na kasuwar Adawlato, ni na raba su rukuni biyu da hannuna: babba na manhajar ciniki, ƙarami na kamarorin tsaro. Komai na tafiya sumul.

Da safe maigidana Alhaji ya bugo waya: "Bidiyo na tsinkewa a wayata. Ba kamara babban rukunin."

"Alhaji, ciniki zai tsaya fa."

"Kwamfutarka ce?"

Na yi yadda ya ce. Kafin azahar manhaja ta daskare, masu saye suka watse. Ya zo ya wanke ni tas a gaban ma'aikata.

Ɗazu ya turo mini bidiyon faɗan, wai in ga yadda hoto ya fito garau. Ya fito kam. Har rawar leɓena ana gani.